Mun iya haɗa jari, saura mu iya raba shi

Mu dai Allah ya hore mana saurin yarda da juna. Mutum biyu za su haɗu a wajen ɗaurin aure, hira ta gangaro kan kasuwa, kafin wata ya zagayo sun kama shago a Kantin Kwari ko a Singa. Wannan ya kawo kuɗi, wancan ya kawo ƙarfinsa da sanin mutane. Wa da ƙane su haɗa su sayi Adaidaita Sahu. Mata biyu 'yan gida ɗaya su kwashi adashi su sayi firiza da injin markaɗe. Matasan layi su kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, su buga riguna, su zaɓi shugaba da ma'aji. Wannan hali ne mai kyau, da shi kasuwanninmu suka cika suka batse, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda muke da rauni shi ne ranar da za a raba gari.

Rabuwarmu iri biyu ce. Akwai ta tashin hankali, wadda ake kai wa gaban shugabannin kasuwa, ko ofishin Hisba, ko kotu, a yi ta tonon silili har iyalai su daina gaisawa. Akwai kuma ta kawaici, wadda muka fi so: a kira dattijo guda, a zauna a soro, kowa ya faɗi abin da ya sawwaƙa, a ce a yafi juna, a shafa fatiha, a watse. Ta biyun ta fi daɗin ji, kuma yafiya ba abin rainawa ba ce. Sai dai akwai mutum uku da ba a gayyato su soron ba, alhali kowannensu yana da haƙƙi a cikin dukiyar da aka raba: masu bin bashi, hukuma, da magada. Su ne ke tasowa daga baya, lokacin da kuɗin ya riga ya shige wani wuri.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon atamfa ranar ƙidayar rabuwa ya san yadda abin yake. A ja ƙofa rabi don kada masu saye su shigo. A sauko da kaya daga kanta, yaro ɗaya yana ƙirga turame yana faɗa, wani yana rubutawa a bayan kwali. Atamfa gefe, shadda gefe, leshi gefe. Tun nan ake fara saɓani. Wannan ya ce a yi wa kaya kuɗi yadda aka saro su, wancan ya ce a'a, yadda suke a kasuwa yau, tunda dala ta motsa. Ga kwantai da yayinsu ya wuce, ba wanda ke son a tura su rabonsa. Daga nan a ɗauko littafin bashi, wanda bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. A cikinsa akwai mai ɗinki da ke biya duk Juma'a, akwai ɗan ƙauyen da ya ɗauki kaya tun kafin azumi wayarsa ta daina shiga, akwai surukin ɗaya daga cikin masu shagon da ba wanda ya taɓa iya buɗe baki ya tambaye shi. Wa zai ɗauki wannan a matsayin kuɗi? Sannan ga abubuwan da ba a ƙirga su da turmi: sunan da ke jikin allo, lambar wayar da 'yan sari daga Maraɗi da Yola suka haddace, na'urar POS, ragowar watannin haya da aka riga aka biya. Sau da yawa waɗannan sun fi kayan kanta daraja, amma su ne ake bari a duhu, wanda ya zauna a shagon ya ci gaba da morarsu, wanda ya fita ya tafi da ƙulli a zuciya.

Maganar nan ta taso kwanakin baya a majalisarmu ta bayan isha'i. Wani dattijo da ya yi shekaru yana harkar hatsi a Dawanau ya ce shi a saninsa rabuwa ba ta da wuya, kowa ya zare uwar kuɗinsa, abin da ya saura a raba. Wani matashin lauya ɗan unguwar ya gyara zama ya ce, "Baba, a gafarce ni, uwar kuɗi ba ita ce farko ba. Ita ce ta uku." Dattijon ya ce, "To Barista, wa ya riga ta?" Sai ya jero masa. Da farko a biya mutanen waje: dilan da ya ba da kaya bashi, mai ba da hayar shago, yaran da ke bin albashi, kuɗin wuta, harajin da ya hau. Na biyu, in akwai ɗaya daga cikin abokan tarayyar da ya taɓa ranta wa shagon kuɗi daga aljihunsa, ban da jarin da ya zuba, a mayar masa. Na uku kowa ya ɗauki jarinsa. Abin da ya rage bayan wannan shi ake kira riba. Ya ce haka tsarin yake a dokar tarayyar kasuwanci ta Ingila ta 1890 wadda muka gada, kuma jihohin da suka yi tasu dokar daga ita suka ɗebo.

Ya ƙara da abin da ya sa wurin ya yi tsit. A tarayya irin tamu ta yau da kullum, bashin shago bashin masu shago ne. In kayan kanta ba su isa biya ba, mai bin bashi yana da damar bin kowannensu har kan dukiyarsa ta gida. Kuma wanda ya fita daga haɗakar bai sanar da dilolin da suka saba hulɗa da su ba, in abokinsa ya koma ya karɓo kaya da sunan shagon, ana iya kama shi da wannan bashin, domin dilan ya bayar ne yana zaton har yanzu su biyu ne. Mu kuwa kunya ce ke hana mu sanarwa. Ba ma son a ce wane da wane sun ɓata, sai mu bar mutane cikin rashin sani, mu ɗauki nauyin da ba namu ba.

Limamin masallacin layinmu yana zaune, sai dattijon ya juya gare shi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a shari'a fa?" Malam ya ce ai shari'a ta riga kowa tsananta maganar bashi, shi ya sa ko gado ba a rabawa sai an fitar da shi. Ya ce in mutum biyu suka haɗa dukiya, asara tana bin gwargwadon jarin kowa, kuma a wajen malaman Malikiyya riba ma haka take bi. In kuwa ɗaya ne ya kawo kuɗi ɗaya ya kawo aiki, wato mudaraba, wadda littattafanmu ke kira ƙiradi, to riba ana raba ta bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi, ba a yanke wa mai kuɗi wani adadi tsayayye. In aka faɗi ba da sakaci ko ha'inci ba, asarar kuɗi tana kan mai kuɗi, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Nan wani ya ce, "Malam, mu kuwa da yawanmu in muka ba yaro jari, cewa muke yi kuɗina su dawo cif ko da me ya faru." Malam ya ce to a sake duba wannan sharaɗi, domin ba haka aka koyar ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a hirar shi ne da aka gwada lissafi. A ce wani ya zuba naira miliyan 6, abokinsa ya zuba miliyan 4. Ranar rabuwa kaya da kuɗin hannu suka tashi miliyan 12. Ana bin shago miliyan 4, kuma mai ƙaramin jarin ya taɓa ranta wa shagon miliyan 1. In an fitar da waɗannan, saura miliyan 7, alhali jarin da aka zuba miliyan 10 ne. Ashe faɗuwa aka yi ta miliyan 3, ko da yake kanta a cike take. In aka bi gwargwadon jari, na farko zai tashi da miliyan 4.2, na biyu da miliyan 2.8. Amma dokar 1890 cewa ta yi in babu wata yarjejeniya a tsakani, riba da asara daidai wa daida ake raba su, ko da jari ya bambanta. Ta wannan hanyar na farko zai samu miliyan 4.5, na biyu miliyan 2.5. Naira 300,000 ke nan tsakanin lissafin biyu, kuma kowanne daga cikinsu zai iya rantsuwa cewa shi ke da gaskiya. Layi ɗaya a takarda tun ranar farko, wanda ya ce ga yadda za mu raba riba ga yadda za mu ɗauki asara, ya isa ya kashe wannan wutar.

Sai kuma hukuma, wadda muka fi mantawa da ita. Yanzu da yawanmu mun yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, saboda banki ba ya buɗe asusu da sunan shago sai da takardarta. Mukan karɓi satifiket mu sa a firam mu rataye, shi ke nan. Amma dokar kamfanoni ta 2020, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar ta maye gurbin ta 1990, ta ɗora wa mai rajista ya riƙa kai bayanin shekara-shekara, kada ya wuce 30 ga Yuni. In kuma an daina kasuwancin, a sanar da hukumar cikin wata uku. Wanda ya rufe shago bai yi wannan ba kamar wanda ya tashi daga gidan haya ne bai mayar da mukulli ba: shi yana ganin ya tashi, a littafin mai gida kuwa yana nan, kuɗi na ta hawa kansa. Tara tana taruwa, sunansa yana manne da na tsohon abokinsa, sai ranar da ya je neman wata takarda a ce masa akwai tsohon lissafi. Ya kamata mu sani kuma cewa rajistar sunan kasuwanci ba ta raba mutum da bashin shagonsa. Mai son wannan kariyar sai ya yi rajistar kamfani, ko irin sabuwar tarayyar nan mai iyakance alhaki da dokar 2020 ta shigo da ita.

Haraji ma haka. Mutane da yawa suna zaton shagon haɗaka shi ake yanka wa haraji. A tarayya ta yau da kullum kowane abokin tarayya ne ake bi a kan kasonsa na riba, kuma hukumar harajin jihar da yake zaune ita ke karɓa, kamar Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano ga mazauna Kano. Saboda haka ribar shekarar ƙarshe da mutum ya kwasa ranar rabuwa ba ta tsira daga lissafi don an rufe shago ba. In shagon yana da ma'aikatan da ake cire musu haraji daga albashi, abin da aka cire amana ce, sai an miƙa. In kasuwancin ya kai girman da yake karɓar harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wannan na gwamnatin tarayya ne, shi ma sai an rufe lissafinsa, an sanar a rubuce cewa an daina. In an sayar da wata kadara ta haɗaka, fili ko sito, da riba a kan yadda aka saya, a tambayi masani ko akwai haraji a kai kafin a raba kuɗin. Ga kuma sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026. Su ne suka mayar da hukumar harajin gwamnatin tarayya, FIRS, ta zama NRS, suka kuma ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Wannan sauƙi ne ga ƙananan 'yan kasuwa, amma mai son ya ci moriyarsa sai ya iya nuna nawa ya samu. Ga shi mu ranar rabuwa muke zubar da rasitai da tsofaffin littattafai, alhali hukumar haraji tana iya komawa baya shekara shida ta yi tambaya. Kwali guda da za a adana a ƙarƙashin gado ya wadatar, kuma kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

In aka zo kan ƙungiyoyi, a nan ne muka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Ƙungiyar unguwa takan fara da zafi. A yi gidauniya, masu hali su bayar, ɗan majalisa ya kawo gudummawa, a sayi kujerun roba da rumfuna da janareto, a haƙa rijiyar burtsatse. Bayan 'yan shekaru wannan ya yi aure ya koma sabuwar unguwa, wancan aiki ya kai shi Abuja, taro ya gagara. Kujerun suna jibge a zauren shugaba, ana ara ana mayarwa har suka koma rabi. Janareto yana gidan ma'aji. A banki akwai ragowar kuɗi, amma ɗaya daga cikin masu sa hannu ya rasu. Sai 'yan kaɗan da suka saura su ce, to tunda abin ya mutu, a sayar a raba, kowa ya samu na cefane.

Wata Hajiya da ta daɗe tana riƙe da kuɗin ƙungiyar mata masu tallafa wa marayu ta aiko wa majalisar tamu da wannan tambayar ta bakin ɗanta, tana son ta sauke nauyi. Lauyan ya ce, "Ka gaya wa Hajiya ta yi haƙuri, kada a raba." In ƙungiya ta yi rajistar amintattu a CAC, irin wadda ake buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, to dukiyarta ba ta membobi ba ce, ta manufar da aka kafa ta dominta ce. Rushe ta ma ba a soro ake yi ba. Babbar Kotun Tarayya ake kai buƙata, ko daga shugabannin ƙungiyar, ko daga amintattu, ko daga rabin membobi, ko daga ita hukumar. Bayan an biya basussuka, abin da ya saura doka ta hana a raba wa membobi, sai dai a miƙa shi ga wata ƙungiya mai irin wannan manufa, in ba a samu ba a sa shi a wani aikin jinƙai. Dokar 2020 ta ma ɗora wa bankuna su sanar da CAC in asusun irin wannan ƙungiya ya daɗe a kwance. Kuma kasancewar ƙungiya ba ta neman riba bai ɗauke mata komai da komai ba: in tana da ma'aikata, harajin albashinsu yana kanta, in kuma ta shiga ciniki, ribar cinikin ana iya binta haraji.

Malam ya ce ko da ƙungiyar ba ta taɓa zuwa CAC ba, a ƙaramar hukuma kawai ta yi rajista ko ma ba ta yi ba, hukuncin a wajen Allah bai canza ba. Wanda ya ba da kuɗinsa don marayu, don marayu ya bayar. Wanda ya ba da fili don makarantar Islamiyya ya yi wakafi, kuma wakafi ba ya komawa aljihun masu kula da shi. Ya ce a bambanta wannan da adashi ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta taimakon kai da kai, inda kowa ya san abin da ya zuba nasa ne, zai kuma karɓa. Waccan amana ce, wannan ajiya ce. Kujerun da suka saura a ba makarantar unguwa, rijiyar a damƙa wa kwamitin masallaci, kuɗin marayu a kai wa masu riƙon marayu, a rubuta, shaidu su sa hannu. Ma'ajin da ya yi haka ya wanke kansa, ya kuma wanke 'ya'yansa daga zargin da ba su san tushensa ba.

Na ukun da ba a gayyata, wato magada, su ne suka fi ban tausayi. Ba kullum faɗa ke raba abokan kasuwanci ba, sau da yawa mutuwa ce. A dokar da muka gada, rasuwar ɗaya tana warware tarayya sai in an yi yarjejeniyar akasin haka. A shari'a kuma kason mamaci ya zama na magadansa tun daga ranar da ya cika. Mu kuwa me muke yi? Wanda ya saura, saboda kara da tausayi, sai ya ci gaba da juya dukiyar gaba ɗaya, yana aika wa iyalan marigayi buhun shinkafa da kayan sallah, ba tare da an taɓa zama an ce ga abin da mahaifinku ya bari ba. Zuciyarsa fara tas. Amma bayan shekara goma yaran sun girma, wani ya raɗa musu cewa rabin shagon nan na ubanku ne. Shi ba shi da takardar da zai nuna, su ba su da hujjar da za su kafa, mai faɗin gaskiyar kuma yana kabari. Da an yi ƙidaya bayan sadakar bakwai ko ta arba'in, a gaban wakilin magada da malami, aka fitar da bashi, aka san kason marayu, da alherin da yake yi musu ya zauna a matsayin alheri, ba a ɗauke shi a matsayin toshiyar baki ba.

Abin da ke hana mu rubutu sananne ne. Muna jin in ka ce wa ɗan'uwanka a rubuta, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Amma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara umarta da ita sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba zargi ba ne. Mantuwa ake yi wa magani, da mutuwa, da shigar masu zuga.

Kuma abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Takarda guda ta isa: nawa kowa ya zuba, yaya za a raba riba da asara, wa ke da ikon karɓo kaya bashi, in ɗaya zai fita wata nawa zai ba da sanarwa, da wane farashi za a yi wa kaya kuɗi, wa zai riƙe suna da lambar waya kuma me zai biya, in ɗaya ya rasu me za a yi, in an saɓa wa za a kai wa sulhu. A sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe tasa. In jarin yana da kauri, kuɗin da za a ba lauya ya duba ta bai kai na zirga-zirgar kotu ta wata guda ba. Masu ƙungiya su ma su buɗe kundin tsarinsu su ga me ya ce game da rushewa, su sabunta masu sa hannu a banki tun suna raye.

Waɗanda wannan magana ta fi shafa su ne waɗanda a yanzu suke zaune lafiya da abokan haɗakarsu, suna cin abinci a kwano ɗaya a bakin shago. Yau ne za a iya yin wannan zama cikin dariya, kowa yana neman ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa. In aka bari sai zuciya ta ɓaci, ko kobo ɗaya sai an yi masa shari'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya kuma raba mu da cin haƙƙin wani.